Sanin Ciwo Kafin Magani: Matsayin Masana Ƙwayoyin Cuta a Asibiti

Gabatarwa

Idan aka shiga kowace makarantar sakandare a ƙasar Hausa, aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke burin zama, da wuya a fita ba a ji kalmar likita ta rinjayi kowace kalma ba. Likitan da suke nufi kuwa shi ne wanda ke zagaya ɗakunan majinyata da farar riga, abin sauraron ƙirji na rataye a wuyansa, ko kuma wanda ke riƙe da wuƙa a ɗakin tiyata. Shi iyaye ke yi wa 'ya'yansu fatan zama, shi ake bi da godiya in majinyaci ya miƙe. Amma can a ƙuryar asibiti, galibi a wani ɗaki da 'yan dubiya ba su taɓa leƙawa, akwai waɗansu mutane da ke wuni suna duban jini da fitsari da majina da mugunya, don su gano ainihin abin da ya kwantar da mutum. Akwai kuma waɗansu da aikinsu shi ne su tabbatar wanda ya zo asibiti da ciwo ɗaya bai koma gida da biyu ba. Waɗannan ba mai yi musu kirari, ba mai sa wa ɗansa sunansu. Abin nan ne da Bahaushe ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa asibitin da ba shi da ƙwararrun masana ƙwayoyin cuta, da masu tsaron yaɗuwar cuta a cikinsa, laluben duhu kawai yake yi, kome yawan gadajensa da kyan gininsa. Saboda haka ya wajaba iyaye da malamai su daina ɗaukar wannan fanni a matsayin mafakar wanda ya kasa samun gurbin likitanci, hukuma kuma ta daina mayar da shi saniyar ware a wajen rabon kuɗi.

Yadda Aka Gano Maƙiyin

Tun cikin shekarun 1670 wani ɗan kasuwar yadi a birnin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, ya gyara madubi da hannunsa, ya ga waɗansu ƙananan halittu suna motsi a cikin ɗigon ruwa. Duk da haka sai da aka yi kusan shekara 200 kafin likitoci su yarda cewa irin waɗannan halittu su ne ke haddasa cututtuka da yawa. A tsakanin nan kuwa, asibitocin Turai da kansu sun zama wuraren da ake ɗaukar ajali.

Babban misali shi ne abin da ya faru a babban asibitin birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Asibitin yana da sassan haihuwa biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi. Abin mamaki, a sashen likitoci wajen mace 10 cikin 100 ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, alhali a sashen ungozomomi ba su fi 4 cikin 100 ba. Wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, ya rasa gane dalili, har sai a 1847 da abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙa ta yanke shi ana cikin binciken gawa, kuma aka ga alamun ciwonsa sun yi daidai da na matan nan. A nan Semmelweis ya fahimci cewa ɗalibai na tashi daga kan gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda, hannunsu na ɗauke da abin da ke kisa. Sai ya kafa dokar wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na 1847 mace-macen sun kai 18 cikin 100, amma cikin 'yan watanni suka faɗo zuwa wajen 2 cikin 100. Maimakon a gode masa, manyan likitoci da yawa suka ji haushin a ce hannunsu ne ke kashe mutane, suka yi watsi da maganarsa. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, yana da shekara 47.

Gaskiyarsa ba ta fito sosai ba sai da ayyukan Louis Pasteur a Faransa suka bayyana, Joseph Lister ya fara tsarkake raunuka da kayan fiɗa a Gilasgo a wajen 1867, Robert Koch kuma ya gano ƙwayar tarin fuka a Jamus a 1882. Darasin da ke cikin wannan tarihi guda biyu ne. Na farko, hannun da ke warkarwa shi ne kuma ke iya yaɗa cuta. Na biyu, ba a gano haka da girman muƙami ba, sai da ƙidaya da lura da bin diddigi, waɗanda su ne jarin mai wannan sana'a har gobe.

Abin da Ƙasar Nan ta Gani da Idonta

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, wanda yanzu ke cikin Jihar Borno. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, a can ta rasu. Ma'aikaciyar da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, Allah ya yi mata sauran kwana. A Jami'ar Yale ne masana suka ware ƙwayar bairos ɗin da ke haddasa ciwon, aka sa mata sunan garin Lassa, kuma ko a can sai da ta kwantar da babban masanin da ke binciken, Jordi Casals, ta kashe wani ma'aikacin ɗakin gwaji. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta bi majinyata da ma'aikata a asibiti, ta kuma kashe likita Jeanette Troup, wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawa, kamar dai yadda ya faru da Kolletschka shekara 123 kafin nan. Daga baya bincike a ƙasar Saliyo ya nuna wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa.

To, daga ɓera cutar kan shiga gida, amma a asibiti ta fi yi wa ma'aikata ɓarna, domin da farko ba ta da bambanci da zazzaɓin cizon sauro. Shekara 50 bayan abin da ya faru a Jos, wato a farkon 2020, likitoci biyu suka rasu a Kano da wannan zazzaɓi bayan sun yi aiki a kan wata majinyaciya da ba a san tana ɗauke da shi ba. Kowane likita da aka rasa ta haka, an rasa shekarun da aka kashe wajen koyar da shi, da kuma dubban marasa lafiyar da zai duba.

Akwai kuma misalin da ke nuna abin da ake samu in an yi abin da ya kamata. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Ikko ba shi da lafiya. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin cutar Ebola ce, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Zargi kuwa ba ya zama hujja sai an gwada, kuma ɗakin gwajin bairos na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko, a ƙarƙashin Farfesa Sunday Omilabu, ya tabbatar da cutar cikin 'yan kwanaki. Daga nan aka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu ciwon. Mutum 20 suka kamu, fiye da rabinsu ma'aikatan lafiya, 8 suka rasu, har da ita likita Adadevoh. Ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Da likitar ta yi sakaci, ko da babu ɗakin gwajin da zai ba da amsa a kan lokaci, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya a birni mai cunkoso irin wannan.

Sanƙarau ma ya koyar da irin wannan darasi. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Ƙwayar da ke haddasa shi tana da jinsuna dabam dabam, kuma wadda ta yi wannan ɓarna ita ce jinsin A. An fara allurar rigakafin jinsin A a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, har annobarsa ta kusa zama tarihi. Amma a 2015 sanƙarau ya sake tashi a Yamai, sannan daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya tashi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, ya kashe fiye da mutum 1,000. A ido ciwon ɗaya ne: zazzaɓi, ciwon kai, sandarewar wuya. Sai da aka ɗebi ruwan ƙashin baya aka kai ɗakin gwaji sannan aka tabbatar jinsin C ne, wanda allurar da aka yi a da ba ta kare mutum daga gare shi. Ashe ko allurar da za a saya ma, sai mai madubi ya faɗi wadda ta dace. Irin wannan sani ne ya kai ga allurar da ke kariya daga jinsuna biyar, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024.

Ainihin Aikin

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ɗakin gwaji bai wuce a zuba jini a na'ura a jira takarda ba. Haƙiƙa abin ya fi haka. A ɗauki misalin jaririn da aka kawo da zazzaɓi mai zafi. Da farko sai a ɗebi jininsa cikin tsafta, domin in aka yi sakaci ƙwayoyin da ke kan fata suka shiga kwalba, sakamakon zai yi ƙarya. Sai a ajiye kwalbar a cikin ɗumi daidai da na jikin mutum, wato wajen digiri 37, a jira ƙwayar ta hayayyafa. In ta nuna alama, sai a shafa ta a gilashi a rina ta da rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, wanda ke raba bakteriya gida biyu, masu riƙe launin shuni da masu komawa ja-ja. Wannan kaɗai ya isa ya sa likita ya sake magani tun a ranar. Sannan a shuka ƙwayar a faranti mai ɗauke da abincinta, ta kwana ta tsiro, a gane sunanta. A ƙarshe sai a jera mata 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna iri iri, washegari a duba wanda ya hana ta tsirowa a kewayensa da wanda ta bi ta kansa ta wuce. Aikin yakan ci kwana biyu zuwa uku, wani lokaci ma fiye, kuma kowane mataki yana bukatar ido mai horo. Yanzu akwai na'urorin da ke gane ƙwaya ta hanyar ƙwayoyin halittarta, kamar GeneXpert da ke gano tarin fuka cikin kimanin awa biyu, amma ita ma na'ura sai da wanda ya san lokacin da za a yarda da ita da lokacin da za a yi shakka.

Shi kuwa mai tsaron yaɗuwar cuta, wanda sau da yawa ma'aikacin jinya ne da ya sami horo na musamman, fagensa shi ne ɗakunan kwanciya. Shi ke ƙidaya raunukan tiyata nawa suka yi mugunya a wata, ya kuma tambayi dalili. Shi ke duba ko tukunyar turara kayan fiɗa tana kai zafin digiri 121 har tsawon minti 15, ko allurar da aka yi amfani da ita ta shiga akwatin da ya dace, ko mai tari an raba shi da mai jego. Shi ke tunatar da kowa, daga babban likita har mai shara, lokuta biyar na tsaftace hannu: kafin a taɓa majinyaci, kafin a yi masa wani aiki mai bukatar tsafta, bayan an taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan an taɓa shi, da bayan an taɓa kayan da ke kewaye da gadonsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu tasowa, kan ɗauki wata sabuwar cuta a asibiti, kuma wajen ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka kan rasu. Hukumar ta ba da shawarar a sami aƙalla ƙwararre ɗaya mai wannan aiki kaɗai ga kowane gado 250.

Daɗin daɗawa, akwai matsalar magungunan da suka daina ci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun a 1945 ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Yau ga shi ana sayar da kafso a tasha da kasuwa kamar gyaɗa, mutum ya sha biyu ya ji sauƙi ya bar sauran, ana kuma ɗura wa kaji da shanu. A asibiti ma, da an ga zazzaɓi sai a ce taifot ne, a dogara da gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, kuma masana suka daɗe da nuna cewa yi ɗaya nasa ba ya tabbatar da kome a ƙasar da cutar ta zama ruwan dare. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani, in aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma. Babu wanda zai iya gaya wa asibiti wane magani ne har yanzu ke ci a garin, wane ne kuma ya zama ruwa, in ba mai shuka ƙwayoyin nan yana rubuta abin da ya gani ba.

Hanyar Shiga Fagen

Ƙofofin wannan sana'a suna da yawa. Wanda ya gama karatun likitanci na shekara shida, ya yi shekarar gwajin aiki, yana iya ƙwarewa a fannin ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ya zama wanda sauran likitoci ke neman shawararsa a kan ciwon da ya ƙi jin magani. Akwai digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti na shekara biyar, wanda ake yi a jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Bayero a Kano, sai shekara ɗaya ta gwajin aiki, sannan majalisar da dokar 2003 ta kafa ta ba mutum lasisi. Akwai makarantun fasahar kiwon lafiya da ke yaye mataimaka. Akwai digirin ilmin ƙananan halittu a tsangayar kimiyya, wanda ke buɗe hanyar bincike da koyarwa da aikin masana'antar abinci da magunguna, ko da yake ya kamata ɗalibi ya sani tun da wuri cewa shi kaɗai ba ya ba da izinin gwada majinyata. Ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna su ma suna da babban gurbi. Wuraren aiki kuwa sun haɗa da asibitocin koyarwa, da cibiyar zazzaɓin Lassa ta Irrua a Jihar Edo, da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa wadda aka sa hannu a dokarta a 2018, da cibiyar bincike ta CERMES a Yamai.

Sai dai akwai gyara a cikin gida. Jayayyar da aka daɗe ana yi tsakanin likitocin gwaji da masana kimiyyar gwaji a kan wanda zai shugabanci ɗaki, wadda har ta kai gaban kotu, ba ta ƙari majinyaci da kome ba. Ɗaya ya fi sanin faranti da madubi, ɗaya ya fi sanin jikin da aka ɗebo abin gwajin daga gare shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da Masu Ja Ke Faɗi

Waɗansu za su ce ƙasar da ba ta gama samar da gado da ruwa da wuta a asibiti ba, ina ta ga kuɗin ɗakin gwaji? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin faranti ba ya tsiro in wuta na ɗaukewa. Amma a lissafa abin da ake kashewa in babu gwajin. Majinyaci ya sayi magani na farko bai yi ba, ya sayi na biyu mai tsada, ya ƙara mako biyu a gado, a sayar da akuya, a jinginar da gona. Wannan duk kuɗi ne, sai dai daga aljihun talaka yake fita, shi ya sa ba ya bayyana a littafin hukuma. Kuma mafi yawan aikin tsaron cuta ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ruwa ne da sabulu da safar hannu da mutumin da aka ba ikon ya ce a'a.

Waɗansu kuma za su ce mai ciwo ba zai jira kwana uku ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ya jira. Likita zai ɗebi jini, ya fara magani nan take bisa kyakkyawan zato, in sakamako ya fito ya gyara. Amma shi kansa zaton ba ya kyau sai an gina shi a kan abin da ɗakin gwaji ya tara na watannin baya.

Akwai masu cewa cuta da mutuwa ƙaddara ce, wanke hannu ba ya ƙara kwana. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma addinin da ya zo da ita shi ne kuma ya hana shiga garin da annoba ta faɗa da fita daga cikinsa, kuma tarihi ya nuna Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Shi kansa Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, ya kuma ce tsafta cikon addini.

Abin da ya fi wuyar taɓawa shi ne al'adar dubiya. Zumunci abin alfahari ne, kuma a asibitocin ƙasar nan 'yan'uwa ne ke ciyar da majinyaci, su yi masa wanka, su kwana a gindin gadonsa. Ba mai hankalin da zai ce a kore su. Amma in mutum goma suka kewaye gadon wanda aka yi wa tiyata jiya, wannan ya zauna a kan gado, wannan ya ɗauki jariri ya miƙa wa wancan, to zumuncin ya koma cutarwa ba da niyya ba. Gyaran shi ne a ɗauki mai jinya a matsayin ma'aikaci, a koya masa abin da ake koya wa ma'aikata, a kuma ajiye masa ruwa da sabulu a bakin ƙofa.

Rabon Masu Nazarin Hausa

Wani zai tambaya, me ya kawo wannan magana a mujallar ɗaliban Hausa? Amsar ita ce, duk ilmin da ke ɗakin gwaji ba shi da amfani a ɗakin kwanciya sai ya shiga kunnen mai shara da mai jinya da ungozoma da wanzami, kuma mafi yawansu da Hausa suke ji. A yau kalma ɗaya, ƙwayar cuta, ita ke ɗauke da bakteriya da bairos da ƙwayar zazzaɓin sauro duka. To, yaya za a fahimtar da uwa cewa kafso ba ya maganin mura, alhali an gaya mata kafso na kashe ƙwayoyin cuta, an kuma gaya mata ƙwayar cuta ce ke kawo mura? Haka nan in aka ce wa mutum ciwonsa ya daina jin magani, yakan ɗauka jikinsa ne ya saba, ba ƙwayar ce ta rikiɗe ba, sai ya miƙa ragowar maganin ga maƙwabcinsa. Kalmar tsafta ma a wurin jama'a tana nufin abin da ido bai ga datti a kansa ba, alhali askar wanzami tana iya ƙyalli tana ɗauke da ciwon hanta. Waɗannan matsaloli ne na harshe, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'i su zauna da masana wannan fanni su tace kalmomi, su gwada su a kasuwa da tsangaya da gidan biki, sannan su miƙa su ga gidajen rediyo da masu wasan kwaikwayo da limamai. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ga fage nan a buɗe.

Kammalawa

Daga Biyana a 1847 zuwa Jos a 1970, daga Ikko a 2014 zuwa Zamfara a 2017, magana ɗaya ce ke maimaita kanta. Inda aka san maƙiyi da wuri, aka kuma tsare hanyar da yake bi, rayuka sun tsira, inda kuwa aka yi ta lalube, har masu ba da maganin ba su tsira ba. Don haka ya kamata kowace jiha ta sami aƙalla ɗakin gwaji ɗaya da ke iya shuka ƙwaya ya gwada magani ba tare da yankewar wuta ko ƙarewar kayan aiki ba, kowane babban asibiti kuma ya naɗa mai tsaron yaɗuwar cuta wanda maganarsa ke da nauyi ko a gaban babban likita. Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware guraben tallafin karatu domin wannan fanni, malaman sakandare su riƙa kai ɗalibansu su leƙa madubi da idonsu, iyaye kuma su gane cewa yaron da ya zaɓi wannan hanya bai kasa ba. Wata annobar tana tafe ko ba daɗe ko ba jima, horar da ƙwararre ɗaya kuwa yakan ci shekara shida zuwa goma, ko ma fiye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.